Idan Haƙori Ya Tashi Da Dare, Wa Wayarka Za Ta Nuna Maka?

 Waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau mun ɗan ajiye siyasa gefe, maganar haƙori za mu yi. Na san wani zai ce, duk matsalolin da suka yi mana katutu sai haƙori? To ɗan'uwa, wanda bai taɓa kwana zaune da hannu a kunci ba shi ne zai faɗi haka. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, a rahoton da ta fitar a 2022 ta ce kusan mutum biliyan 3.5 ne a duniya ke fama da wata cuta ta baki ko haƙori. Kusan rabin mutanen duniya ke nan. Amma abin da ya kawo ni kan batun a gidanmu ya faru, nan Kano.

Gwaggona, ƙanwar babanmu, haƙorinta na ƙasa ya daɗe da yin kogo. Ta sa kanumfari, ta kuskure da ruwan gishiri, aka je kemis aka karɓo mata kafso. Ya lafa kwana biyu ya dawo. Wani dare wajen ƙarfe sha ɗaya na shiga ɗakinta na tarar kuncin ya kumbura, ko magana da ƙyar take yi. Ta ce, "Ɗan nan, kai da kullum kake cikin waya, duba mini inda za a kai ni da safe."

Na buɗe ɗaya daga cikin manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira, wato AI, na rubuta da Hausa cewa ina neman likitan haƙori kusa da ni a Kano. Gaskiya shawarar farko da ta bayar mai kyau ce, ta ce kumburi irin wannan ba a wasa da shi, a ga likita da wuri. Sai ta jero wurare uku. Ɗaya babban asibitin gwamnati ne da kowa ya sani. Ɗaya kuma a Abuja yake, ban san me ya kawo shi ba. Na ukun ya zo da adireshi da lambar waya, kuma ba shi da nisa da mu. Da safe na kira lambar, ba ta shiga. Na ce bari mu je kawai. Muka tari adaidaita, muka isa, sai ga shagon sayar da caja da murfin waya. Mai shagon ya ce ai masu haƙorin sun daɗe da tashi.

Mai adaidaitan ne ya cece mu. Ya ce, "Hajiya, ai akwai wata likita a bayan layinku, a saman bene, can na kai matata." Jama'a, tafiyar minti biyar ce a ƙafa daga ƙofar gidanmu. Shekarunta da dama a wurin, da lasisinta a rataye a bango, da kayan aikinta tsaf. Ni da nake taƙama da waya ban san da ita ba, wayar ma ba ta san da ita ba.

Bayan ta duba Gwaggo ta yi abin da ya kamata, ta ce mun yi sa'a kumburin bai gangara ƙarƙashin haɓa ba. Ku riƙe wannan don Allah: idan ciwon haƙori ya zo da kumburin da ke sauka wuya, ko zazzaɓi, ko mutum ya kasa buɗe baki, ko haɗiya ko numfashi suka fara wahala, ba a jiran safiya. Sashen gaggawa na asibiti mafi kusa za a nufa, domin ruɓar tana iya toshe hanyar numfashi.

Da hankali ya kwanta na ce mata, "Likita, me ya sa ba a ganin ki a intanet?" Ta yi dariya ta ce, "Ƙanena, ni haƙori na karanta. Amma ai ina sa abubuwa a status, kuma muna da fulaya." Daga nan na gane inda gizo ke saƙar.

Bari in yi bayanin yadda abin yake aiki, don shi ne gindin maganar.

A da idan ka nemi abu a Google, jerin shafuka yake zubo maka, kai ka zaɓa. Ko sunanka na ƙasa-ƙasa, mai haƙuri zai iya gangarowa ya same ka. Yanzu salon ya canza. ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, a ƙarshen Oktoban 2024 kuma aka fitar da sabon tsarinsa na binciken intanet kai tsaye. Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsar AI a saman sakamakon bincike a Amurka a Mayun 2024, daga baya a shekarar ya faɗaɗa zuwa ƙasashe sama da 100. Meta AI kuwa tun Afrilun 2024 ya shigo mana cikin WhatsApp a Najeriya, wannan zagayen da kuke gani a kusurwa. Waɗannan ba jeri suke ba ka ba. Amsa ɗaya suke haɗa maka, da suna biyu ko uku a ciki. Wanda bai shiga ukun nan ba, a wurin mai tambaya kamar babu shi ne a garin.

To daga ina suke samo sunayen? Hanya biyu ce. Akwai abin da aka koya wa manhajar tun farko daga tarin rubuce-rubucen da aka kwaso, wannan kuma yana tsufa, kamar mutumin da ya bar gari shekara biyu yana ba ka labarin kasuwa. Akwai kuma abin da take zuwa ta karanto a lokacin da ka yi tambayar: shafukan intanet, bayanan taswira, ra'ayoyin da mutane suka rubuta a kan wuri.

Ni yadda nake kwatanta ta shi ne, kamar yaron da ka aika ne, mai saurin gudu, mai iya karatu, amma ba ya sallama a gidan kowa kuma ba ya tambayar mai shayi. Allon da aka kafa a waje kawai yake karantawa. Sannan yana da wani hali: yana jin nauyin ya dawo hannu rabbana. Idan bai samo abin da ka aike shi ba, sai ya kawo mai kama da shi, wani lokaci ma ya haɗa nasa ya faɗa maka da cikakken ƙarfin gwiwa. Shi ya sa za ka ga lambar da ta mutu, ko lokacin buɗewa da ba wanda ya taɓa faɗa.

Yanzu ku dubi inda likitarmu take ajiye bayananta. Status na WhatsApp, waɗanda ke da lambarta kaɗai ke gani, bayan awa 24 ya ɓace. Fulayar kuma hoto ce, duk adireshin da lambar a cikin hoton suke, ba a rubuta su a matsayin rubutu a ko'ina ba. Saƙon murya da take tura wa marasa lafiya, mai cike da ilimi, yana kulle a wayoyinsu. Duk wannan yaron aikenmu ba ya kaiwa gare shi. Manyan wurare irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba su da wannan damuwar, domin jaridu da shafuka da yawa sun yi rubutu a kansu. Ƙananan asibitocin unguwa su ne ke ɓacewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wurin da likitan gaskiya ya bari ba ya zama fayau. Mai garin da ke "kashe tsutsar haƙori cikin minti uku" yana TikTok, yana Facebook, kullum yana magana, kuma da Hausa yake yi. Babu wata tsutsa a haƙori, jama'a. Ƙwayoyin cuta ne ke cin ragowar sukari su fitar da sinadari mai tsami da ke cinye haƙorin sannu a hankali. Amma wa zai faɗa wa mutane haka, idan wanda ya shafe shekaru a jami'a yana koyon abin ya yi shiru? Har yau akwai masu ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, tana ƙona naman. Akwai masu ɗiga ruwan batir. Ina ganin shirun masana yana da kaso a wannan.

Sai na ce wa likita ta ba ni dama in gwada wani abu, kyauta, tunda dai ta taimaki Gwaggo. Ta ce in yi magana da yarinyar da ke zama a teburin karɓar kati. Aikin da muka yi ba wani siddabaru a cikinsa, kuma shi nake so matasa su ji.

Mun fara da suna. Kun san me muka tarar? A allon waje suna ɗaya, a katin marasa lafiya an gajarta shi, a wani tsohon shafin Facebook da wani ɗan'uwanta ya buɗe mata an rubuta shi daban, da tsohuwar lamba. Mutum zai gane duk wuri ɗaya ne. Na'ura kuwa tana iya ɗauka wurare uku ne, ko ta rasa wanda za ta yarda da shi ta tsallake gaba ɗaya. Muka zauna muka tsayar da suna ɗaya, adireshi ɗaya, lamba ɗaya, muka bi ko'ina muka mayar da su iri ɗaya har wurin waƙafi.

Daga nan muka buɗe mata Google Business Profile. Kyauta ne, kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan rajista. Shi ne ke sa wuri ya fito a Google Maps da sunansa da lokutan aikinsa. Google yakan nemi a tabbatar da cewa wurin na gaske ne, mu bidiyo aka nema, muka ɗauki allo da ƙofa da cikin ofis. Adireshi ya ɗan ba mu wahala, kun san halin unguwanninmu: "bayan gidan mai, kusa da masallacin Juma'a, ka hau bene." Muka dasa alamar taswirar daidai kan ginin, muka rubuta kwatancen da baki kamar yadda za ka faɗa wa mai adaidaita, sannan muka ƙara Plus Code, wata gajeriyar lamba da Google Maps ke bai wa kowane wuri ko da layin ba shi da suna. Muka sa lokacin buɗewa na gaskiya, har da tashin da ake yi don sallar Juma'a. Mun kuma yi rajista a Bing Places, domin ba duk manhajojin nan ne ke ɗebo bayani daga rumbun Google ba, wasu na Microsoft suke leƙawa.

Amma inda na fi jin daɗin aikin shi ne shafin tambayoyi. Mun yi mata ɗan ƙaramin shafin intanet, mara nauyi, wanda zai buɗe ko netwok na rarrafe. Na ce, "Likita, faɗa mini tambayoyin da kika gaji da amsawa." Ta fara zubo su kamar dama jira take. Wai da gaske ne wankin haƙori yana sa haƙora su yi girgiɗi? Wai cire haƙorin sama yana taɓa ido? Mai juna biyu za ta iya ganin likitan haƙori? Haƙorin yaro na nono ya yi kogo, a bar shi tunda zai faɗi? Aswaki ya wadatar ko sai da buroshi da man goge baki? Tana amsawa da baki, ina rubutawa da Hausar da ake yi a gida, ita kuma ta karanta ta gyara kafin mu ɗora. Wannan sharaɗi ne: ba abin da ke hawa sai likita ta gani. Ni ba likita ba ne, kuma ban yarda a ce AI ta rubuta amsar lafiya a ɗora ba tare da masani ya tace ba.

A nan na koyi abin da ban taɓa sani ba. Idan yaro ya faɗi, haƙorinsa na dindindin ya fita ɗungurungum, ba a jefar da shi. A riƙe shi ta kan da ake tauna da shi, kada a taɓa saiwar, kada a kankare shi, a tsoma shi cikin madara a garzaya wurin likita, zai fi kyau cikin awa ɗaya. Ana iya mayar da shi. Haƙorin nono ne ba a mayarwa. Ku duba fa, bayanin da zai iya hana yaro giɓi har tsufansa, amma da wuya ka same shi a rubuce da Hausa.

Me ya sa wannan shafin yake da tasiri ga bincike? Saboda mutane ba sa yi wa AI magana da kalma biyu kamar yadda ake yi wa Google a da. Jimla suke rubutawa: "haƙorina yana zafi idan na sha ruwan sanyi, me zan yi, ina zan je a Kano?" Manhajar tana neman rubutun da ya amsa irin wannan tambayar kai tsaye. A Turanci dubban shafuka ne ke gasa a kan kowace tambaya. A Hausa filin kusan a buɗe yake. Wani abin kuma, mutanenmu ba iri ɗaya suke rubuta kalmar ba. Wani haƙori, wani hakori, 'yan soshiyal midiya kuma haqori. Mun yi rubutunmu da daidaitacciyar Hausa, amma muka bar sauran sigogin suka fito a wuri ɗaya ko biyu, muka kuma sa fassarar Turanci a ƙasa don masu tambaya da shi.

Kuma kada ku raina rikicin da harshe ke jawowa. Akwai wata muguwar cuta da ke farawa daga kumburin dasashi ta cinye fuskar ƙananan yara, musamman masu fama da tamowa. Sunanta a likitance noma. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa WHO ta shigar da ita jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023. To uwa ta ji sunan a rediyo, ta rubuta "noma" cikin jimlar Hausa. Me kuke tsammani zai fi saurin fitowa? Taki da irin masara. Sai an samu masu sani sun yi rubutu da Hausa, sun haɗa kalmar da baki da dasashi da yara, sannan na'ura za ta iya rarrabewa.

Sai maganar ra'ayoyin marasa lafiya, waɗannan taurarin da ake bayarwa a taswira. Suna da amfani, domin shaida ce daga wani bakin ba na mai wuri ba. Muka buga wata 'yar takarda a teburin kati, wanda ya ga dama ya rubuta abin da ya gani. Wani abokina ya ce mu tara 'yan majalisarmu mutum talatin kowa ya ba da tauraro biyar. Na ce a'a. Ƙa'idar Google ta hana ra'ayin bogi da wanda aka saya, ana iya gogewa ko a hukunta shafin. Ko da ba a kama ba, ƙarya ce a kan lafiyar mutane, kuma idan muka yi haka me ya raba mu da mai garin tsutsa?

Likita ma ta ja mini kunne a kan wani abu. Ƙa'idojin aikin likita a Najeriya, ƙarƙashin hukumar MDCN da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista, sun taƙaita tallata kai. Don haka babu "gwanin gwanaye", babu "mun fi kowa a Arewa", babu alƙawarin warkewa. Bayani kawai: ga mu, ga inda muke, ga abin da muke yi, ga lokacinmu. Hoton bakin mara lafiya kuwa, irin na kafin aiki da bayan aiki, ba a ɗora shi sai da yardarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Wanda zai shiga wannan sana'ar ya san da haka tun kafin ya jefa likita cikin matsala.

Na ce sana'a, domin sana'a ce. Mu da muka gama jami'a muna yawo da takardu a ambulan, ga aiki nan a unguwanninmu: asibitocin haƙori, na ido, ɗakunan gwaji, duk suna buƙatar wanda zai tsaya ya daidaita musu bayanansu ya kuma riƙa sabuntawa. Sai dai sharaɗina ɗaya ne, kafin ka ɗora kowa a taswira ka ga takardunsa da idonka. Lasisin likitan na shekarar, da rajistar wurin. A Kano hukumar PHIMA ce ke kula da asibitoci masu zaman kansu. Idan ka taimaki ɗan bogi ya fito a waya, duk bakin da ya lalata da hannunka a ciki.

Kuma likitoci, ku yi hattara da masu zuwa da kwamfuta a jaka suna cewa za su sa ku zama na ɗaya a ChatGPT cikin sati guda. Babu mai wannan ikon. Amsar tana canzawa daga mutum zuwa mutum, daga yadda aka jera tambaya zuwa inda mai tambayar yake tsaye, kamfanonin kuma suna sauya tsarinsu ba tare da sun yi shawara da kowa ba.

To me ya biyo bayan aikinmu? A taswira ta fito ba da daɗewa ba, wannan kam ya tabbata. A manhajojin AI kuwa sai a hankali. Bayan wasu makonni na sake yin tambayar da na yi a daren Gwaggo. Wata manhajar ta kawo sunanta da lambar da ke aiki. Wata ba ta kawo ba. Washegari na juya tambayar, wadda ta kawo jiya ta manta da ita. Tsohon wurin nan da ya koma shagon caja ma ya ci gaba da fitowa, sai da na shiga taswira na kai rahoton cewa sun tashi, abin da kowannenku zai iya yi cikin minti biyu. Yarinyar teburin kati yanzu tana tambayar duk sabon zuwa, "A ina kuka ji labarinmu?" tana rubutawa a bayan littafi. Mafi yawa har yanzu cewa suke wani ne ya faɗa musu. Amma ta ce mini wani magidanci ya zo da ɗansa da haƙori a cikin kofin madara, ya ce a waya ya karanta.

Ba zan ruɗe ku ba, wannan bai taɓa babbar matsalar ba. Likitocin haƙori sun yi mana kaɗan, yawancinsu kuma a birane suke. Jami'ar Bayero tana yaye su, amma mutumin ƙauye da yake tafiyar awanni kafin ya ga ɗaya, taswira ba za ta haifar masa likita ba. Kuɗin aikin ma yana korar da yawa su koma kemis. Wannan faɗa ne da gwamnatoci, kuma za mu ware masa shiri guda, ina so ya zo daidai da 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya.

Kafin nan ga ɗan aikin gida. Yau da dare, lafiyarka ƙalau, ka tambayi wayarka likitan haƙori mafi kusa da kai. Gobe ka kira lambar da ta ba ka ka ji ko tana shiga. In ta shiga, ka adana ta. In ba ta shiga ba, ka tambayi mai adaidaita.

Gwaggo tana gaishe ku, ta koma cin goronta duk da likita ta hana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.